Yadda Za Ka Aika Wa Masoyiyarka Wuta Daga Rufin Gidanku

Ɗan'uwa mai fama da ciwon so, share hawayenka. Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari kafin wata ya ƙare za a ambaci sunanka a falon gidansu. Da wace irin murya, wannan kuma sai ranar.

1. Fahimci zamani

Tunda aka sa wa unguwa sabuwar mita mai wayo, duk gidan da ke da faifan sola, in ya sha wutarsa ya rage, rarar takan koma layin unguwa wasu su amfana. Injiniyoyi na kiran wannan ci gaba. Kai ka ɗauke shi gidan waya. Layinku ɗaya da gidansu, falwaya bakwai ce kawai tsakaninku. Mawaƙan dā da suka riƙa aika saƙo ta bakin iska da tsuntsaye, da sun ga wannan gata da sun yi kuka.

2. Ƙirƙiro rara

Faifanku biyu ne, da ƙyar suke riƙe gidan. Kada ka karaya. Da rana ta take, kashe fanka, cire dutsen guga, sannan ka lallaɓa ka zare firjin Umma. In ta tambayi abin da ya sa ruwa ya yi ɗumi, ka ce ka karanta cewa sanyi na kawo ciwon gaɓɓai.

3. Tsare mita

Ja kujera gabanta, ka kalli 'yar kibiyar nan tana nuna waje. Zuciyarka ce ke tafiya. Zufa za ta jiƙa ka sharkaf, amma masana sun tabbatar son da ba a yi wa gumi ba bai kai a rubuta shi ba. In gajimare ya tare rana, harare shi.

4. Sanar da ita

Rubuta mata cewa duk iskar da fankarta ta kaɗa mata yau daga rufinku ta taso. Za ta amsa da “To, sannu da ƙoƙari.” Karanta sau goma sha biyu.

5. Amsa kiran Baba

Na manta ban faɗa maka ba: mahaifinta tsohon ma'aikacin wuta ne, shekara talatin yana hawan falwaya, kuma saƙon zai kai kunnensa. Zai aiko a kira ka. Durƙusa ka gaishe shi, ka faɗa masa yadda ka samo rarar, har da zancen firjin Umma. Zai bayyana maka a natse cewa wuta ba ta san adireshi ba, gidan da ya fi kusa take fara shiga. Sannan ya tambaye ka wa ke jikin katangarku.

Mai aski ne. E, shi dai, wanda ke zuwa gaishe ta yana ƙamshin turare.

“Sati uku kenan kana kaɗa wa abokin takararka fanka,” in ji Baba. Za ka ji dariyarta a bayan labule. Daure.

“Amma ba wannan ya dame ni ba. Wanda ya kashe wa uwarsa firji saboda 'yata, wa zai kashe wa 'yata gobe? Je ka kunna, sannan mu yi magana.”

6. Mayar da firji

Jira ruwa ya yi sanyi, ka kai wa Umma da hannu biyu, ka fara kame-kame. Za ta shanye, ta ɗaga wayarta ta nuna maka. Ashe kullum mitar na turo mata bayanin abin da ya shiga da abin da ya fita.

“Tun ranar farko na sani, ɗan nan. Jira nake ka buɗe baki ka ce kana son yarinya, ka zaɓi ka gasa mu. Gobe zan yi wa kawunka magana.”

Sanarwa: mai wannan rubutu ba shi da hannu a naman da ya lalace, ko ƙurajen zafin da suka feso maka a wuya. Duk mai ƙorafi ya kai wa mai aski, shi ya sha wutar.