Na Ɓuya a Cikin Waɗanda Suka Tafi Gona

Ba zan taɓa mantawa da makon da na kai ƙarar shugaban sashenmu ba, a kamfanin jimar fata da nake aiki a Challawa. Safar hannunmu ta yage tun farkon damina, sinadari duk ya cinye mini yatsu, shi kuwa Malam Habu kullum amsarsa ɗaya, "Tana hanya." Na gaji, wallahi na gaji. Amma shi ya samo mini aikin, ga iyali a Ɗorayi, ina ni ina buɗe baki?

Ana haka ƙungiyar ma'aikata ta kawo wata manhajar waya ta kai koke. Matar da ta koya mana ta ce kowa na da mabuɗinsa na sirri. In za ka sa hannu, sai ka zaɓi sunayen wasu abokan aiki ka haɗa da naka. Manaja zai tabbatar ɗayanku ne ya sa hannun, amma ko ita ba za ta iya cewa wane ne ba.

Ni kuma sarkin dabara (Allah ya shirye ni), na ce kada in jawo wa kowa tsangwama. Sai na zaɓi su Ilu, 'yan Jigawan nan da suka tafi gida girbin gero. Ai wanda ba ya nan ba a harararsa. Na zazzage komai a rubuce, har da yadda ruwan sinadari ya kife mana ranar Talata.

Washegari manaja ya tara mu, ya karanta koken, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Malam Habu na ta gyaɗa kai.

"Ranka ya daɗe, waɗannan tun kafin Talatar suna gona," in ji shi. "Garin su Ilu ma ko sabis babu. Saura suna ɗaya ke nan."

Kowa ya waiwayo. Tun ba a tambaye ni ba na ji bakina na cewa, "Malam, ku yi haƙuri."

Safar dai ta zo, kowa ya samu. Ni kuma aka mayar da ni ramin jiƙa fata, inda in na tashi aiki mai adaidaita sahu ma sai ya kau da hanci kafin ya ɗauke ni. Har yau in na gaida Malam Habu, sai ya ce, "Sannu, marubuci."

Manhaja kam ta riƙe amana, ba ta tona ni ba. Abin da na koya shi ne, in za ka ɓuya cikin jama'a, ka fara leƙawa ka ga ko jama'ar suna nan.