Tarin Shamsiyya Ya Fi Takardar Izini

Jama'a, ranar Talata na ga ikon Allah a shingen Unguwar Dosa, har yanzu in na tuna sai dariya ta ƙwace mini.

'Yata Shamsiyya shekararta shida, da ciwon huhu aka haife ta, irin wanda majina ke kauri ta toshe ƙirji. Safe da yamma nake kifa ta a cinya, ina bubbuga bayanta har ta fitar. Duk wata kuma sai likita ta saurari ƙirjin ta sabunta magani. Ban taɓa fashi ba, ba kuwa korona ce za ta koya mini ba.

To, manyanmu, Allah ya ƙara musu basira, sun ce kowa ya zauna a gida, mai zuwa asibiti ya nemo takardar izini. Ina ake ba da ita? A wani ofis da ke bayan shinge uku.

Maƙwabcinmu Malam Ɗanasabe mai Keke Napep ya ce, "Maman Shamsiyya, ki haƙura. Digirinki ba ya ɗaga katakon shinge."

Na ce, "Tayar da kekenka, Malam. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

A shinge muka tarar da Mai Girma Sarkin Shinge, takunkumi a haɓa, tumbi a gaba. Na miƙa katin asibiti, ya riƙe shi a juye yana nazari.

"Hajiya, wannan ba izini ba ne. Ga yarinya garau, ku koma."

Yana leƙowa cikin keken, hayaƙi ya shaƙe Shamsiyya, ta saki tari irin nata, mai tasowa tun daga cibiya. In ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba! Tsalle ɗaya ranka ya daɗe ya tsallake kwata, ko hularsa bai tsaya ɗauka ba. Daga bayan bishiya yake ihu, "Ku janye katakon!"

Na ce, "Yallaɓai, ba a ɗauka, na gado ne!"

"Ku wuce da gadonku!"

A sauran shingayen, Malam Ɗanasabe da kansa yake waiwayowa yana cewa, "Shamsiyya 'yar albarka, gyara murya."

Mun isa asibiti. Ɗakin yara a kulle, an shafe shi da sabon fenti don masu korona, an ɗaure ƙofar da jan ƙyalle. A gindin dalbejiya likita ta duba ta, ta ce ƙirji da sauƙi, ta rubuta magani. Ɗakin kuwa, wai sai babban baƙo ya zo ya yanka ƙyallen, shi kuma bawan Allah yana gida yana bin doka.