Yadda Za Ki Koma Makaranta Bayan Inna Ta Fara Kallon Fim

Ke 'yar sakandare, matso kusa. Idan Innarki ta fara zuwa kallon fim mai dogon zango a gidan maƙwabta, tana dawowa tana yi miki kallon ƙasa-ƙasa, to karatunki yana cikin haɗari. Ni Furera, da wannan dabarar na tsamo ƙanwata Luba daga bakin turmi na mayar da ita aji. Ke ma na ba ki tabbaci za ki koma, muddin kin bi ni sau da ƙafa.

Mataki na ɗaya: San abokiyar gabarki

'Yar makarantar cikin fim ce. An ce shekarunta sha shida, amma ke da kanki kin san ta haifi kamarki. Ba ta taɓa buɗe littafi ba, ba ta san hanyar rijiya ba. Aikinta taunar cingam, murguɗa baki, da raɗa a waya. A gidansu ba a ɗauke wuta, ba a zancen tsadar masara. Duk da haka Innarmu ta dube ta ta ce, "Wallahi kamar Luba, har tafiyar." Luba fa, da kaushin ƙafarta yake yaga tabarma.

Mataki na biyu: Kiyayi kalmar "lesin"

Cingam dai kin yi bankwana da shi. Ko rogo za ki ci, tauna shi da natsuwa. In waya ta yi ƙara, amsa da ƙarfi yadda na bayan katanga zai ji, don mai gaskiya ba ta raɗa. Amma babban tarkon kalma ɗaya ce. A fim, duk yarinyar da ta ce za ta je lesin, a otal ake ganinta.

Luba ba ta san haka ba. Jarrabawa ta matso, malamai suka sa ƙarin karatu bayan an tashi, ta shigo da murnarta ta ce, "Inna, daga gobe muna da lesin."

Inna ta ajiye muciya, ta nemi wuri ta zauna. "Haka waccan ma ta ce wa uwarta."

Kafin la'asar an kulle yunifom a akwati, mukullin yana bakin zanin Inna.

Mataki na uku: Kada ki yi murnar mutuwar janareta

Fetur ya yi tashin da ya yi, Hajiya Kaltume mai talabijin ta lulluɓe janaretarta da buhu ta ce kallo ya ƙare. Luba har da rawa. Sakarci. Fim ɗin ya tsaya ne daidai inda yarinyar ta sa ƙafa ɗaya a baƙar motar wani Alhaji, kuma a nan Inna ta tsaya ita ma. Tana tankaɗe sai ki ji ta ce, "Ko ta shiga?" Ta kuma rantse Luba ba za ta sake hawa adaidaita ba sai ta ga ƙarshen yarinyar nan.

Rubuta wannan a ranki: fim ɗin da ba a gama ba ya fi wanda aka gama illa.

Mataki na huɗu: Kada ki kai ƙara wurin Baba

Zai ce shi bai kalla ba, ku ƙarata can. A ransa kuwa daɗi yake ji, kuɗin mota ya huta.

Mataki na biyar: Nemo wa Inna ƙarshe

Ranar kasuwar Minjibir, je wurin masu tura fim a waya. Abin da suka turo miki, fara kallonsa ke kaɗai a bayan rumbu, domin ƙarshen irin wannan fim iri biyu ne. Akwai wanda yarinyar take kwance a asibiti, ana yi mata ƙarin ruwa, tana cewa boko ne ya cuce ta. In shi kika samu, goge shi nan take, ki wanke hannu. Akwai kuma wanda ake tara dangi a falo, wani dattijo ya gyara murya ya juya kan uwar. Shi kike nema.

Ko daga wani fim ɗin daban ne, karɓi abinki. Matar da take fitowa a 'yar makarantar dai ita ce, yunifom ɗin shi ne, baƙar motar ma ita ce. Ba mai ganewa.

Mataki na shida: Kunna, ki koma gefe

Inna ta aika aka kira Hajiya Kaltume da sauran abokan kallo, suka haɗa kai a kan wayata a inuwar darbejiya. Dattijon ya nuna uwar da sanda ya ce, "Laifinki ne. Ina kike lokacin da 'yarki take neman wanda za ta yi magana da shi? Kina gidan maƙwabta kina kallon fim."

Nan take Hajiya Kaltume ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Inna ta daɗe tana gyara ɗankwali, sannan ta ce, "Su kuma masu fim ɗin nan ba su da ta ido. Daga mutum ya ɗan leƙa waje sai a yi masa fassara? Sun san halin da muke ciki ne?"

Luba ta buɗe baki za ta ce ai abin da take ta faɗa ke nan. Na taka mata ƙafa. Ke ma nemi mai taka miki, don a nan yawancin 'yan mata suke ɓata aikinsu.

Washegari da safe Inna ta miƙo mata yunifom a ninke, ba ta dube ta ba. "Tashi ki tafi lesin ɗin naki, kada ki makara." Ni da na shirya komai, sai da na ji ƙwalla.

Gargaɗi

Na yi alkawarin mayar da ke makaranta, ban yi na samar miki sakewa ba. Tun ranar nan Innarmu ta daina zuwa kallo, ko da janaretar ta farfaɗo. Luba na dawowa Inna take ɗauko kujera ta dasa a gabanta, ta ce, "To, gani. An ce kina neman wanda za ki yi magana da shi. Yi." In taki Innar ta yi miki haka, babu ruwana, kada ki zo min da kuka. Luba ma ta zo, na ce ta je ta ƙarasa wa Inna labarin, tana jira.