Ranar Jin Ta Bakin Masu Zaure

A wani gari da ake kira Mun-Fi-Ku-Sani, akwai wata 'yar unguwa ta mabiya koyarwar Buddha. Suna da zaure guda na laka, inda suke zama shiru suna lura da numfashinsu, suna koyon tausayin duk wani mai rai. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sha ba. Mai tambayarsu kawai suka rasa.

Garin yana da Majalisar Masana Abin Wasu. Masanan sun cika kasuwa da littattafai a kan unguwar, amma babu wanda ya taɓa cire takalmi a ƙofar zauren. Dokarsu mai sauƙi ce: ba a karɓar bayanin addini daga bakin mai yin sa, domin son abin ya rufe masa ido.

Da littattafan suka rasa wurin ajiya, majalisa ta roƙi Sarki Duk-Daidai ya ba ta filin zauren, ta gina Cibiyar Fahimtar Mabiya Buddha. Sarki ya ce a fara jin ta bakin masu wurin.

Aka yi taro. Tsohuwa Sumana mai koyarwa a zauren ta zo da jikarta Sujata, wadda take koya wa zaman. Aka shimfiɗa wa tsohuwa darduma a gaban jama'a.

Farfesa Na-Karanta, shugaban majalisa, ya ce, "Iya, yi mana zaman nan naku, ni kuma in faɗa wa jama'a abin da kike ji."

"Ranka ya daɗe, maganar zaurenmu na zo yi."

"Haba Iya! Shiru ibadarku ce. Mu su wa, da za mu sa ki karya ta?"

Aka tafa. Farfesa ya buɗe littafinsa ya ce, "Mutanen nan sun yarda babu abin da yake dawwama, kuma maƙale wa abin duniya shi ne tushen wahala. Barin zauren nan a hannunsu cutar da su ne."

"Ba haka muke fahimtar…"

"Kun ji ko? Ta maƙale! Ashe ma ba ta gama gane addinin ba."

Sarki ya share hawayen tausayi, ya ce a rushe zauren a hankali, kada a dame su da ƙara.

A hanyar gida Sujata tana biye da kakarta. Ta gane cewa in tana son a saurare ta a kan addinin kakarta, sai ta fara barinsa.