Rasuwar Garwashi, Jar Motar da Aka Rage wa Ƙafafu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da bai ga dalilin ɓoye shi ba, Mai Katako na bakin kasuwa yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan ciniki rasuwar motarsa, ja mai ƙofa biyu, wadda unguwa ta sani da suna Garwashi. Ta cika ranar Asabar da la'asar, a gefen titi, gaban wani shagon aski, bayan gajeriyar jinyar da ba ita ta jawo wa kanta ba.

Marigayiyar motar tsere ce tun asali, amma ba ta taɓa ɗaga kai da hakan ba. Mai Katako ya saye ta hannu na biyu tun furfura ba ta fito masa ba. Mutane sun yi ta dariya a lokacin, wai mai sayar da katako ya sayi motar da ko ƙyaure ɗaya ba za ta ɗauka ba. Shi ya san tun yana ɗan dako yake tsayawa da itace a ka yana bin irinta da kallo, kuma a duk rayuwarsa ita kaɗai ce abin da ya saya don yana so kawai.

An shaide ta da kyawawan halaye. Murɗa makulli ɗaya take tashi, ko da sanyi ko da damina. Takan yi gyaran murya sau biyu, kyaf kyaf, sannan ta saki wani gurnani mai kauri, gurrum, wanda maƙwabta suka daɗe suna sanin safiya da shi. Ba ta shan baƙin mai fiye da ƙima. Ba ta taɓa mutuwa a tsakiyar mutane ta ba shi kunya ba. Ita ta kai uwargida asibiti ranar haihuwar auta, ta ratsa ramukan titi a hankali kamar ta san abin da ta ɗauko. Tana tsaye ne a kan ƙafafu huɗu manya, tayoyi masu tsoka, waɗanda masu ƙera ta suka auna mata. Da su take hawa gangaren simintin ƙofar gida, cikinta bai taɓa shafar ƙasa ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da damina, lokacin da Mai Katako ya tafi jinyar yayansa. Kafin ya tafi ya kira babban ɗansa, wanda abokai ke kira Kaftin ko da yake bai taɓa jagorantar komai ba, ya zaunar da shi gaban uwarsa.

"Gwiwata ta gaji da kasuwa," in ji shi. "Ga makullin mota. Kullum da safe ka tayar da ita ta ɗumama, ka goge ta, ka rufe. Kada ta fita. In na dawo na tarar da ita yadda na bar ta, makullin shago naka ne, ni in zauna in huta. Ita ma ranar aurenka taka ce."

Kaftin ya karɓa da hannu biyu, har da durƙusawa.

Da Mai Katako ya dawo, a waje ya tarar da ita, tsugune a bakin kwata, rana na dukanta, ƙasa ta rufe gilashi, wani ya rubuta mata wasa da yatsa. Da farko ya ɗauka iska ce ta fita daga tayoyin gaba ɗaya. Da ya matso sai ya ga an cire ƙafafunta na asali, an ɗaura mata wasu ƙananan wili masu ƙyalli, an naɗe su da sirarran tayoyi kamar zoben roba. Ta yi ƙasa har ba ta iya hawa gangaren gidansu. Motar da ta shekara da shekaru tana kwana a inuwa, an mai da ita mai kwanan titi.

"Baba, haka ake yi yanzu," in ji Kaftin. "Ta fi kyau, ta fi kama ƙasa a kwana. Kowa sai ya juyo ya kalle ta."

"Ina ƙafafunta?"

"Musanya muka yi da mai tayoyin. Ai tsofaffi ne."

"Ni ma tsoho ne. Da me za ka musanya ni?"

Aka je wurin mai tayoyin, ya ce ai tuni wani ya saye su ya yi gaba, kuma irinsu sai an bincika. Mai Katako ya yanke hukunci cewa motar ba za ta motsa ba sai Kaftin ya nemo mata ƙafafu irin nata. Uwargida ta roƙa, ya yarda maganar shago tana nan, muddin aka gyara ɓarnar. Ƙofar da aka bar wa yaron ke nan, kuma ba ƙarama ba ce.

A nan mamaciyar ta cancanci a wanke ta daga zargi. An ce a kwanakinta na ƙarshe ta koyi ƙarya, allurar malejinta tana nuna gudun da ba ta yi. Gaskiya ne, amma ba halinta ba ne. Ƙaramar ƙafa sai ta yi juyi da yawa kafin ta ci tafiyar babba, ita kuwa allura juyi take ƙirgawa. Kaftin ya riƙa ɗaukar hoton allurar yana aika wa abokai, yana murna da gudun da babu shi. An kuma ce ta zama mai faɗa, kowane ɗan rami sai ta buga ƙashin bayan wanda ke ciki. Wanda aka cire wa takalmi aka sa shi gudu a kan tsakuwa, shi ma ba zai yi fara'a ba.

Ranar Asabar, Mai Katako yana kasuwa, Kaftin ya ɗauki makulli daga aljihun rigar mahaifinsa da ke rataye. Abokansa na jira, wai za su ɗauki bidiyo kafin a mayar da ita tsohuwa. A tudun rage gudu na gaban makarantar firamare, wanda ta haura sau ba adadi ba tare da ta ji shi ba, cikinta ya daki siminti. Waɗanda ke wurin sun ce ƙara ɗaya ta yi, ƙwas. Kaskon mai na ƙarƙashinta ya tsage. Ta kunna jar fitila, iyakar abin da za ta iya ke nan, amma kiɗa na tashi kuma idon direba na kan waya. Ta ci gaba da tafiya tana zubar da baƙin mai, layinsa yana nan a kan kwalta ga mai son gani. Gaban shagon aski ta yi taf, taf, taf, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba za a buɗe ba. Sai ta yi shiru.

Bakaniken da ya daɗe yana duba ta ya zo, ya buɗe, ya leƙa, ya rufe a hankali. Ya ce injin ya buga, kuma irinsa an daina kawowa.

Ta rasu ta bar mai ita, wanda yanzu zai ci gaba da jan gwiwarsa zuwa kasuwa, makullin shago a aljihunsa, har zuwa lokacin da Allah ya so. Ta bar uwargida, wadda ta daina cewa yaro ne. Ta bar gareji, da tsumman da ake goge ta da shi, da safayar taya ɗaya ta asali a but, wadda ita kaɗai ta tsira saboda mai tayoyin bai gan ta ba. Ta bar magaji ɗaya. Sai dai duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya san wanda ya yi kisa ba ya cin gadon wanda ya kashe. Saboda haka ko madubinta ba zai ɗauka ba.

Ƙananan ƙafafun nan kuwa ba sa cikin gado, domin ba nata ba ne, nasa ne, kuma Mai Katako ba ya cin haƙƙin kowa. Biyu sun lanƙwashe a tudun. Biyu suna nan lafiya, suna ƙyalli.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da hantsi. Ba za a kira janwe ya ja ta ba. Kaftin da abokansa masu bidiyo su za su tura ta daga shagon aski zuwa filin masu sayen tsohon ƙarfe, kuma duk wanda ke da waya an ba shi izinin ɗauka. Ba a buƙatar addu'ar neman gafara, ƙarfe bai yi zunubi ba. Mai niyya ya yi wa masu rai. Za a karɓi gaisuwa a shago, a tsaye, tsakanin ciniki da ciniki. Wanda zai zo ya ce mota ce kawai, ya yi zamansa a gida.

Bayan an dawo, mai walda zai ɗaura ƙafafu biyun da suka tsira a jikin amalanken shago. Daga ranar Talata Kaftin zai riƙa tura amalanken yana kai wa mutane katako, ta gaban makarantar firamare, inda tudun yake. Mahaifinsa yana tabbatar masa cewa kowa sai ya juyo ya kalle shi.