Kaka Rabi a Gidan Bayan Rayfield

"…lafiya lau, sai takaicin miji irinka. Ka turo mini keke-napep mai tari tun daga Anguwan Rogo, ya kwaso ni kamar buhun dankali."

"Buhun dankali ai yana da masu saye, tsohuwa. Ke wa zai taya? Sannu da zuwa, amaryata."

"Amaryarka tana inda ka baro ta. Riƙe ni in sauka, raggo."

Sharafaddeen ya riƙe hannun kakarsa yana dariya. Shekara goma sha ɗaya ya yi a duƙe kan ɗinki kafin ya kai ga taya wannan gida, a wata sabuwar unguwa bayan Rayfield. Dillali ya ba shi zuwa la'asar, in bai ce komai ba akwai wani mai jira. Matarsa Fiddausi kuwa, da cikinta wata bakwai, ta rantse ba za ta tare ba sai Kaka Rabi ta gani da idonta ta ce to. Duk dangi sun san kafin a ji "to" daga bakin Kaka sai an yi gumi.

"Shigo ki ga tayil, ki ga falo. Ke da kika saba da daɓen siminti, kada santsi ya kwashe ki in shiga uku."

"Tayil ɗin za ku ci? Ba ciki na zo gani ba."

Ko leƙawa ba ta yi ba. Ta zagaya baya tana dukan ƙasa da sandarta, ta tsaya tana hangen wani ruwa kore da ke kwance can ƙasa.

"Dillali ya ce iskar tafkin nan kaɗai ta isa a sayi gidan," in ji Sharafaddeen.

"Tafkin gidanku! Ramin kuza ne. Na wanke kuza a irinsa tun ubanka bai san zai zo duniya ba. Zurfinsa ya shanye bene."

"An kewaye shi da waya."

"Na gani, ba makauniya ka aura ba. Ruwan sha fa?"

"Akwai burtsatse."

"Asibiti?"

"Minti goma."

"Da ƙafar wa? Da taka mai kama da sillen kara?"

"Da mota, Hajiya."

"Wacce? Wadda ka ɗinka? Masallaci fa?"

"Sai an fita babban titi."

"Yauwa! Ashe inda ladan ba zai tashe ka ba ka samo. Tun kana goye na san malalaci ne kai."

"A wajenki na gada. Wa ke gyangyaɗi a kan carbi?"

Ta dawo ƙofar gida ta dubi layin daga sama har ƙasa: dogayen katangu, manyan ƙyamare na ƙarfe, ko mai tallan gyaɗa babu.

"Hanya nawa ce take fita daga unguwar nan?"

Ya sosa ƙeya. "Ɗaya."

"Maƙwabtan su waye?"

"Dillali ya ce mutanen kirki ne."

"Na ce su waye?"

"Ban sani ba, Kaka."

Nan wasa ya tsaya, don ya san inda ta dosa. Yana aji uku a firamare aka yi rikicin da ya cinye mahaifinsa, Abdulfatah, ɗan Kaka. A wata unguwa mai kyau irin wannan suke haya. Shi da uwarsa sun kwana Anguwan Rogo wajen suna, uban kuwa ya bi layi yana buga ƙofofi, ba wanda ya buɗe. Kaka ba ta taɓa yin zancen ba, amma tun daga ranar ba ta yarda wani nata ya zauna inda ba ta san maƙwabta ba. Tsoro ya kama Sharafaddeen, na rasa gidan da kuma na samunsa.

Kafin ya ankara ta nufi ƙyauren gidan da ke manne da nasa, wanda aka liƙa wa takardar taron coci. Ta ɗaga sanda ta buga. Kare ya ɗauki haushi.

"Kaka, don Allah! Nan ba Anguwan Rogo ba ne, ba a buga wa mutane ƙofa haka."

"In tsoro kake ji, ɓuya a bayan zanena. Ba yau ka fara ba."

Wata 'yar taga ta buɗe a jikin ƙyauren, ido biyu suka leƙo.

"Wa kuke nema?"

"Baƙuwa ce, 'yata. Azahar ta yi, a taimaka mini da ruwan alwala."

Idanun suka dube ta, suka dubi Sharafaddeen da hularsa, aka ja tagar aka rufe. Karen ya ci gaba da haushi.

"Kin gani? Kin ja mana. Mu tafi."

"Tsaya."

"Ba za a buɗe ba, Kaka."

"Na ce tsaya!"

Ya tsaya kusa da ita. Ya riga ya fara shirya abin da zai faɗa wa dillali, sai ya ji ƙarar sakata.

Wata mace ce, da buta a hannu da kujerar roba. "Yi haƙuri, Mama, kare na je ɗaurewa, ba ya jin magana. Sunana Zipora. Ku ne masu sayen gida ɗin?"

"Wannan mummunan ne mai saye." Kaka ta karɓi butar, ba ta zauna ba. "'Yata, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Matarsa tana da ciki. Ranar da gari ya rikice, in suka bugo ƙofar nan fa?"

Sharafaddeen ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Zipora ta dubi tsohuwar.

"Ranar nan ba mai buɗe get, Mama. Ni ma ba zan buɗe ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma zo ki ga."

Ta kai su gefen gidanta. Katangar da ta raba gidajen biyu a nan iyakarta ƙugu, an jingina bulo biyu a gindinta.

"Duk layin nan haka muka bar na tsakani. Na waje dogo, na ciki gajere. Mai gida ɗin da za ku saya ya so ya ƙara tsawo, oga na, mijina, ya ce a'a. Ko mai ciki zai iya tsallakawa, ba sai an fita titi ba."

Kaka ta shafa katangar. Ta miƙa wa jikanta sanda da buta, ta tattare zane.

"Kaka, me za ki yi? Shekarunki kusan tamanin!"

"Maganar baki ba ta ishe ni ba. Kawar da idonka, marar kunya."

Ta taka bulon, ta zauna a kan katangar, ta juya ƙafa ɗaya, ta juya ɗayar, ta dira da nishi a tsakar gidan da jikanta yake son saye. Ta tsaya cak, ta ba su baya. Sai da ta goge ido da bakin mayafi sannan ta juyo.

"A ina aka taɓa ganin amarya ta tare ta katanga?" in ji Sharafaddeen.

"A gidan mijin da bai da mota." Dariya ta ƙwace mata. "Kira dillalin naka, raggo, ka ce na ce to. Amma ɗakin da ke jikin katangar nan na Fiddausi ne, ko ka mutu."