Ni Na Sace Motar Iklima

"...lafiya lau, ya gajiya? Ya Gwaggo da jiki? Ya kuma ƙafa, baiwata? Na ga har ta fara faso."

Mannir ke nan, zaune a shagonsa na yadi a Gobarau, yana gaida Iklima da ta sauko daga keke mai ƙafa uku tana huci. Ubansa da uwarta ciki ɗaya suka fito, taubasai ne, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba su zagi juna ba. Ni da shagona ke jikin nasa na gaji da rabo, yanzu kujera kawai nake gyarawa in sha kallo.

Amma abin da ya kawo ta ranar ba na dariya ba ne. An sace motarta a wajen wani biki a Kambarawa, motar da take kai tsohuwarta wankin ƙoda da ita. Da ta fito ba ta gan ta ba, ko a jikinta, don Mannir ya saba ɗauke mata ita ya dawo da ita ba ɗigon mai. Sai ta aika murya a zauren dangi na waya, ta ce ɓarawo ya maido mata da kayanta. Shi kuwa sakaran, maimakon ya ce ba shi ba ne, sai ya amsa laifi yana ƙyaƙyata dariya. Kafin su farga, mota ta yi nisa.

Iklima ta ce, "Gwaggonka na gaida ɓarawon da ya maida ta hawa keke."

"Wannan akwalar? Wallahi wanda ya sace ta taimakonki ya yi. Yanzu haka yana can yana turi yana tsine maki."

"Akwalar da ka riƙa zuwa zance da ita? Ba don ita ba da har yau kana tuzuru."

"Ɗiyar mace na da dukiya ne? Ke da motar duk kayan ubana ne."

"Rufe man baki, bawan banza. Wata da watanni ina zarya ofishin inshora. Yau manaja ya tafi Abuja, gobe fayil na hedikwata, jibi a dawo bayan Sallah. Jiya suka turo mai bincike, ya ce mi ya hana ni kai rahoto ga 'yan sanda da wuri."

"Kika ce mi?"

"Na ce na ɗauka wasa ne. Na kunna mashi muryarka."

Mannir ya ajiye almakashin hannunsa. "Wace muryar?"

"Wadda ka ce kai ka ɗauka, ka tsallaka da ita Maraɗi, ka sayar, ka ci tsire da kuɗin."

"Innalillahi! Ke da hannunki kika kunna? Kai, babanki ya yi asarar kuɗin makaranta!"

"Kai da bakinka ka faɗa. Mutumen ya saurara ya sake saurara, ya ce tunda mai laifi ya amsa, ko dai rikicin gida ne, ko baki muka haɗa mu cuci kamfani."

"Ba ki ce mashi taubashinki ba ne?"

"Na faɗa. Ya ce su a kamfaninsu babu sashen taubasai. Sai ka je da ƙafarka ka ce ƙarya ka shara, in ba haka ba su rufe fayil."

Nan fa Mannir ya miƙe yana gyara hula. "Ni? In tsaya gaban baƙo in janye magana saboda baiwata? Tun ina goye ban taɓa janye maki magana ba. A ɗaure ni ya fi."

"Za a ɗaure ka ɗin. Ni zan kai maka tuwo, ba miya."

"Tuwonki? Ai shi ne hukuncin."

Na zaci za ta rama, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Mannir, shekaranjiya bayan wankin ƙoda a keke na maido Inna. Duk ramin da muka faɗa sai ta damƙe hannuna. A hanya ta yi amai, mai keken ya ce mu sauka. Wallahi na gaji, kuma tsoro nake ji."

Ni kaina na ji kunyar kallon da nake yi. Mannir ya laluba aljihu, ya fiddo makullin motarsa, ya miƙa mata.

"Riƙe har su biya ki. Kuma mu je yanzu in ga mutumen."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗaga waya saitin bakinsa. "Maimaita, dangi su ji. Kada gobe ka ce sace ta na yi."

"Ni Mannir, da hannuna na ba Iklima motata."

"Mannir bawan wa?"

"Haba, Iklima!"

"Inna na saurare."

Ya dube ni, na kau da kai. Ya ce, "Bawan Iklima." Sai dariya ta ƙwace masa. "Amma don Allah kar ki kunna ma mai binciken wannan, sai ya ce cinikin bayi muke yi."

Ta jefa masa makullin a ƙirji, ta buɗe ƙofar bayan motarsa ta shige, ta harɗe.

"Tuƙa. Yaushe ka ga uwargijiya na tuƙa bawanta? Kuma ka bi a hankali, gida za mu fara biyawa, yau ma Inna na da asibiti."